"Kaɗan" Nawa Ne? Amsa ga Wata Mai Fassarar Labarai a Maraɗi

Malama, tambayarki ta iso, kuma ga ta a taƙaice domin mai karatu ya san inda aka dosa. Kin ce kina fassara labarai daga Faransanci zuwa Hausa a wani gidan rediyo a nan Maraɗi, kuma babu ranar da ba ki cin karo da "quelques" da "plusieurs" da "une poignée de", sai ki rasa wanne ne "kaɗan", wanne ne "wasu", wanne ne "da dama". Wani abokin aikinki da ya yi karatun Larabci ya shaida miki cewa Larabawa suna da kalmar da ta tsaya daga uku zuwa tara, har ya ɗora da cewa rashin irinta naƙasu ne ga Hausa. Shi ne kike son sanin ko an yanka wa "kaɗan" iyaka, da kuma yadda za ki juya wannan jimla da ta tsaya miki a wuya: "Quelques dizaines de sacs de mil ont été distribués dans plusieurs villages."

Abokin aikinki ya faɗi gaskiya a kan Larabci, amma hukuncin da ya yanke wa Hausa bai tsaya ba. "Kaɗan" ba shi da lamba, kuma ba a yi shi domin ya ɗauki lamba ba. Aikinsa shi ne ya auna abin da aka samu da abin da aka sa rai za a samu. Ki je babbar kasuwa ki tsaya wajen masu awon hatsi. Matar da ta saba sayen tiya biyar, ranar da kuɗinta ya tsaya a kan tiya biyu, za ta ce yau kaɗan ta auna. Can gefe kuma dillalin da ya saba cika babbar mota zuwa bakin iyaka ta Ɗan Isa, ranar da ya haɗa buhu talatin, shi ma zai ce kayan kaɗan ne. Tiya ɗaya ta hatsi tana kai wajen kilo 2.5, buhu mai kilo 100 yana cin tiya 40, ke nan "kaɗan" ɗin dillali tiya 1,200 ne, ya ninka na matar nan sau 600. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu, kuma babu Bahaushen da zai ji su ya rikice, domin kowa ya san ma'aunin da kowannensu ya riƙe a zuciyarsa.

Sai dai "kaɗan" ba shi kaɗai ba ne a gidan, kuma a ganina rikicin masu fassara yakan fara ne daga mantawa da "ɗan" da "ƴar" da "ƴan". Asalin waɗannan kalmomi na haihuwa ne, wato ɗa da ƴa da ƴaƴa, kuma mu da muke cewa "ɗiya" a Maraɗi da Gobir mun fi na Kano jin wannan asali a bakinmu, tunda "ƴan" daga "ɗiyan" ya taƙaita. Daga ma'anar ɗa aka samu ma'anar ƙanƙanta, daga ƙanƙanta aka samu ƙarancin yawa: ɗan ruwa, ƴar miya, ƴan kwanaki. Har aikatau ma yana karɓarsa, kamar a "ɗan dakata" ko "ɗan matsa". Amma "ƴan" yana yin wani aiki da ya wuce rage yawa. Ina da kawu a wajen Tibiri wanda duk kaka idan na je gaishe shi na tambayi yadda damina ta yi, amsarsa ba ta canzawa: "Alhamdu lillahi, mun samu ƴan dammuna." Wata shekara na tsaya ana jida ana zubawa a rumbu, na ƙirga a zuci har na wuce ɗari biyu na gaji. Ban ce masa uffan ba, domin na san abin da "ƴan" ɗin nan yake ragewa alfahari ne, da kuma tsoron baki. Haka yake ga wanda ya miƙa maka kuɗi mai kauri ya ce "ga ɗan abin goro". Mai fassarar da zai ɗauki maganar kawuna ya mayar da ita "une petite récolte", wato ƙaramin girbi, ya fassara kalmomin daidai, ya kuma ba da labarin ƙarya.

Abin da zai fi yi miki amfani a bakin aiki shi ne ki lura cewa kowace irin wannan kalma tana da inda ta fuskanta. Wata tana kallon ƙasa, tana nuna an gaza, wata tana kallon sama, tana nuna an samu. Idan aka ce "mutane kaɗan ne suka zo taron", kuka ake yi. Idan aka ce "an samu ƴan mutane", hamdala ake yi, ko da kuwa mutanen da ake magana a kansu su goma sha biyu ne a duka jimlolin biyu. Faransanci ya raba wannan da "peu de gens" da "quelques personnes", Ingilishi ya raba shi da harafi guda, tsakanin "few" da "a few". Shi kuwa "plusieurs" gaba ɗaya sama yake kallo, domin tushensa ɗaya ne da "plus", wato ƙari. Akwai gwaji mai sauƙi da nake koya wa ɗalibai: ki liƙa wa kalmar "kawai" ki ji ko ta zauna. Bafaranshe yana cewa "quelques villages seulement", amma "plusieurs villages seulement" ba ya shiga kunnensa. Haka mu ma muna cewa "ƴan ƙauyuka kawai", amma babu mai cewa "ƙauyuka da dama kawai". Wannan ya nuna miki cewa "quelques" abokin "ƴan" ne, "plusieurs" kuma abokin "da dama" ne, "peu de" shi ne yake tafiya da "kaɗan ne". Shi "wasu" ko "waɗansu" ba ruwansa da yawa ko ƙaranci, cewa kawai yake yi ba duka ba ne, ko ba a fayyace waɗanne ba ne, don haka ya fi kusa da "certains".

Ni kaina na taɓa cin wannan tuntuɓe a farkon aikina. Wata shekara Gulbin Maraɗi ya yi ambaliya, aka ba ni sanarwa in fassara, a ciki an ce "plusieurs villages" sun shiga ruwa, ni kuwa cikin gaggawa na rubuta "ƙauyuka kaɗan". Washegari wani dattijo daga ɗaya daga cikin garuruwan ya zo har inda nake aiki, ya zauna, muka gaisa a tsanake, sannan ya ce: "Malam, mu ne kaɗan ɗin da kuka faɗa jiya." Bai ƙara komai ba. Adadin ƙauyukan bai canza ba tsakanin takardar da aka ba ni da wadda na karanta, amma na juya wa kalmar fuska, sai ta koma tana raina asarar mutane.

Harsuna da yawa kuma suna son su bi ta bayan gida su faɗi yawa ta hanyar musun ƙaranci. Mu muna cewa "mutane ba kaɗan ba" alhali muna nufin cincirindo, muna cewa "an taru ba laifi" idan taron ya yi kyau daidai gwargwado. Abin sha'awa, "pas mal de monde" na Faransanci kusan kalma da kalma "ba laifi" ne, kuma ma'anarsu ɗaya. "Quite a few" na Ingilishi ma yawa yake nufi duk da kalmar ƙaranci da take cikinsa, kuma tarko ne da ya sha kama masu fassara.

Yanzu bari mu zo ga Larabci, inda abokin aikinki ya kafa hujjarsa. Kalmar da yake nufi ita ce "bid'u", kuma mafi shaharar maganar malaman lugga ita ce daga uku zuwa tara take. Ta zo sau biyu a cikin Alƙur'ani. A Suratu Yusuf aya ta 42 an ce Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya zauna a kurkuku "bid'a sinin". A Suratur Rum aya ta 4 an ce Rumawa, bayan kayen da suka sha a hannun Farisawa, za su yi nasara "fi bid'i sinin". A tarihi Farisawa sun ci Birnin Ƙudus a shekara ta 614, sarkin Rum Hiraƙal ya fara mayar da martani a 622. Tirmizi ya ruwaito cewa Sayyidina Abubakar ya yi fare da mushirikan Makka a kan wannan aya, kafin a haramta fare, ya yanka wa'adin da bai kai tara ba, wata ruwaya ta ce shekara biyar, wata ta ce shida, sai Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nuna masa da ya faɗaɗa wa'adin, domin kalmar tana kaiwa har tara. Abin lura a nan shi ne, Balarabe ɗan asali, masanin harshensa, shi ma da aka matsa masa ya mayar da kalmar lamba guda, sai lambar ta kasa ɗaukar abin da kalmar ta ɗauka. Ke nan ko "bid'u" ɗin ba adadi ba ne, fili ne mai shinge.

Larabci yana da irin waɗannan da dama. "Nayyif" ƙari ne a kan gomiya, galibi daga ɗaya zuwa uku, ba ya zuwa sai bayan cikakken adadi, kamar "ishruna wa nayyif". "Nafar" da "raht" ƙungiyar mutane ce da ba ta wuce goma ba. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda aka shigar da wannan bambanci cikin siffar jam'i kanta, abin da malaman nahawu suke kira "jam'ul ƙilla", jam'in ƙaranci, na uku zuwa goma. Kalmar "shahr", wato wata, tana da jam'i biyu. A Suratut Tauba aya ta 2, da ake maganar wata huɗu, an ce "arba'ata ash-hur", amma a aya ta 36 ta wannan surar, da ake maganar watanni goma sha biyu na shekara, sai aka ce "ash-shuhur". Kada dai a ɗauki wannan ƙa'ida kamar ƙarfe, domin jam'in biyu sukan ari wurin juna, kuma kalmomi da yawa jam'i ɗaya kawai suke da shi.

To me ya sa shingen ya tsaya a uku da tara? Domin a Larabci biyu yana da siffarsa ta kansa, wato musanna, jam'i na sosai daga uku yake farawa, goma kuwa tana da sunanta. "Bid'u" gurbi ne a cikin tsarin ƙirga, har ma yana bin dokar lambobin uku zuwa goma wajen saɓa wa jinsin abin ƙirgawa. Harsunan da suke da irin wannan kalma mai shinge duk haka take a wurinsu. Mutanen ƙasar Folan suna da "kilka" na uku zuwa tara, da "kilkanaście" na goma sha ɗaya zuwa goma sha tara, da "kilkadziesiąt" na gomiyoyin da ba su kai ɗari ba. Sinawa suna da "ji" na ƙasa da goma, idan suka sa shi bayan kalmar goma ya ba da goma sha wani abu. Ki ga na ce "goma sha wani abu" ba tare da na ari komai ba, kuma kowa ya san tsakanin sha ɗaya da sha tara yake. Hausa ta karɓi ashirin da talatin har zuwa casa'in daga Larabci, amma ba ta ɗauko "bid'u" ko "nayyif" cikin maganar yau da kullum ba, kuma ina ganin dalilin shi ne gurbin a cike yake: muna da "ashirin da ɗoriya", da "talatin da ƴan kai", da "jika biyu da wani abu". Hadisin da ya ce imani rassa ne "bid'un wa sab'una", malamanmu a wajen karatu "saba'in da ɗoriya" suke fassara shi, kuma babu abin da ya zube. Faransanci yana da "vingt et quelques", yana kuma da wata magana mai daɗi, "et des poussières", wato da ƴar ƙura a kai.

A Hausa kuwa lambar biyu ta samu sake tana yawo yadda take so. "Ba ni minti biyu" ba ya nufin daƙiƙa 120. "Kwana biyu!" da muke gaisawa da shi yana iya zama wata shida, kuma idan aka ce mutum ko mota "ya kwana biyu", tsufa ake nufi. Kalma guda ta ɗauki ƙaranci ta kuma ɗauki daɗewa, sai wurin da aka faɗe ta ya raba gardama. Wannan ɗabi'a ta sassauta ƙananan lambobi ta game duniya. Jamusawa suna rubuta "ein Paar" da babban baƙi idan biyu cif suke nufi, "ein paar" da ƙarami idan ƴan kaɗan ne, a baki kuwa babu bambanci. "A couple" na Ingilishi asalinsa biyu ne, amma a bakin mutane da yawa yana kaiwa uku ko huɗu. Mutanen Italiya idan taro bai cika ba sai su ce kyanwa huɗu ce ta zo. Faransanci kuma yana da nasa tarkon da ya shafe ki kai tsaye: "huit jours", wato kwana takwas, mako guda ne, "quinze jours", wato kwana goma sha biyar, mako biyu, "une dizaine" kuwa wajen goma ne, ba goma cif ba, don haka kada ki yar da "wajen" ko "kimanin" a fassara.

Akwai wata hanya da ban cika jin ana ambata ba, wato yadda kalmar tambayar adadi take rikiɗa ta zama kalmar ƙaranci. "Birkaç" na Turkanci, mai ma'anar ƴan kaɗan, haɗi ne na "bir", ɗaya, da "kaç", nawa. "Ji" ɗin Sinanci da na ambata shi ne kuma kalmar tambayar "nawa" idan ana tsammanin amsar ba ta da yawa. Mu ma muna yi, sai dai namu bai daskare ya zama kalma ba, yana nan a matsayin salo: "duka-duka su nawa ne?", "kwana nawa ne ya rage?", "duniyar ma nawa take?" Babu mai jiran amsa a cikin waɗannan.

Wasu harsuna sun wuce nan, sun mayar da ƙaranci dokar nahawu wadda mai magana ba ya iya tsallakewa. Baiso, wani ƙaramin harshe da ake yi a bakin tafkin Abaya a kudancin Habasha, wanda dangin Hausa ne na nesa, yana da siffa ta musamman ga abubuwa biyu zuwa wajen shida, daban da ta tilo da ta jam'i mai yawa. Wakilan suna na harshen Fiji sun rabu huɗu: na mutum ɗaya, na biyu, na ƴan kaɗan, na masu yawa. Ba sai an je nesa ba ma, Fulatancin da muke ji a kasuwa yana da ajin suna na ɗan abin da ba a ƙirgawa, ta yadda "kosam", nono, yake komawa "kosal", ɗan nono. Can ƙarshe kuma akwai harshen mutanen Piraha na dajin Amazon a Barazil. A 2004 wani mai bincike, Peter Gordon, ya ba da rahoton cewa ƙirgarsu ɗaya ce, biyu, sai da yawa. A 2008 Michael Frank da abokan aikinsa suka sake gwaji, suka jera abubuwa goma suna ragewa ɗaya bayan ɗaya, sai ga kalmar da aka zaci "ɗaya" ce tana fitowa tun ana kan shida. Ashe "kaɗan" take nufi, idan aka gwada da abin da ya gabata. Harshe yana iya rayuwa babu lambobi, amma ga alama ba ya rasa hanyar cewa abu ya yi kaɗan.

Game da sauran kalmominmu, kowace da wurin zamanta. "Ƙalilan" aro ne daga Larabci, ya shigo da wasalinsa na ƙarshe kamar yadda "galiban" da "masalan" suka shigo, kuma yana da nauyin da ya dace da labarai da takardun hukuma. "Ƴan tsiraru" na mutane ne, ƙasa yake kallo, yakan ɗauki ɗan raini, kuma shi ne fassarar "une poignée de" idan mutane ake nufi. Ko da yake asalin "poignée" cikin tafin hannu ne, kada ki kawo maganar tafin hannu sai in hatsi ko gishiri ake dintsa. "Ƙiris" da "ɗis" na hira ne da kicin, "saura ƙiris" kuwa ya fi kusa da "presque". "Ɗai-ɗai" da "jefi-jefi" suna ƙara ma'anar warwatsuwa a kan ƙaranci. Su kuma "tak" da "rak" da "kacal" abin da suke yi shi ne su bi cikakkiyar lamba su ɗora mata hukunci: "buhu uku kacal" ya faɗi adadin, ya kuma faɗi cewa bai isa ba. A nan Hausa ta raba abu biyu da "peu" ya cakuɗa, kuma tun da aka ayyana ta harshen ƙasa a Nijar a 2025, irin wannan tantancewa za ta ƙara zama wajibi ga duk mai rubuta sanarwar hukuma.

Sauran jimlarki. Rabinta na biyu ba shi da wuya, "plusieurs villages" ƙauyuka da dama ne. Rabin farko ne mai ƙaya. "Gomman buhuna" da ake yawan ji a rediyo yanzu sama yake kallo, ya fi dacewa da "des dizaines de sacs", inda ake son a nuna yawa. Wanda ya rubuta "quelques dizaines" kuwa ya sassauta murya ne da gangan, yana nufin wani abu tsakanin buhu ashirin ko talatin da ƙasa da ɗari. Idan wakilin da ya aiko labarin yana kusa, ki kira shi ki tambayi adadin, domin mai sauraro a Gidan Rumji ko Madarunfa ya fi son ya ji "buhu arba'in" a kan duk wata dabarar fassara. Idan bai samu ba, ni abin da zan karanta shi ne: "An raba buhunan hatsi, waɗanda yawansu bai kai ɗari ba, a ƙauyuka da dama."